Geron da Ya Ƙetaro a Cikin Filo

Ranar wata Alhamis a ƙarshen bazara, ina da shekara tara, muka ƙetaro iyaka ta Maigatari ni da Inna, a bayan akori-kura cike da awaki da 'yan cin kasuwa. Kayanmu bai wuce ƙullin zannuwa da tukunya ɗaya ba, sai wani filo da Inna ta rungume tun daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram. Wani ma'aikaci a bakin shinge ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya tambaya ko da duwatsu muke tada kai a garinmu. Inna ta farke ɗinkin ta nuna masa. Irin gero ne, tiya biyu, shi kaɗai ya rage a rumbun Baba bayan rasuwarsa. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Najeriya za a kawo wa gero, sannan ya ce mu wuce.

A Toranke muka sauka, gidan Kawu Sale, yayan Inna da ya daɗe a can. Ya ba mu ɗaki da 'yar gayauna a bayan gari, ya sa ni firamare inda yara suka laƙaba mini 'yar Faranshi. Ban damu ba, don a wasan 'yar gala-gala ba wadda take kama ƙafata, bakina kuma ba ya mutuwa. Da ruwa ya sauka Kawu ya auno mana irinsa, ya ce na filon a daka a yi fura kawai. Inna ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na uban yarinyar nan zan shuka." Ta zuba shi duka a ƙasa, ko ƙwaya ba ta ajiye ba. Ita tana sara da sungumi, ni ina jefa iri ina takewa da diddige.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne geron ƙasarmu ɗan gaggawa ne, don daminar can ba ta daɗewa. Na maƙwabta ko kai bai fitar ba, namu ya yi ido. Ai kuwa duk wani tsuntsu janbaki da ke ƙasar Ajingi ya samu labari! Gona ɗaya tal ta nuna a duk yankin, ita ce tamu. Kwana biyu suka share gefen gabas tas. Na ga Inna tsaye da zangarniyar da ba ƙwaya ko ɗaya a hannunta, tsoro ya kama ni, don na san idan suka cinye sauran, geron Baba ya ƙare a duniya ke nan.

Allah ya taimaka ana hutu. Na bi bola na tsinto gwangwanayen madara, muka zuba tsakuwa, muka jera su a igiya daga wannan kunya zuwa waccan. Daga fitowar rana har ta faɗi ina kan rumfar kara, ina jan igiya, ina wurga majajjawa, ina ihu har muryata ta dishe. 'Yan ajinmu suka fara zuwa kallon mahaukaciyar Faranshi. Lokacin kuwa rumbunan gari sun yi ƙasa, kowa a tsuke yake. Inna ta hura wuta a bakin gona ta gasa tumu, ta ce duk mai so sai ya ja igiya. Kafin sati ya zagayo sai da muka riƙa yin layi a rumfar.

Dami goma sha ɗaya muka ɗaure, na kowa yana tsaye ɗanye. Kawu ya daɗe yana murza zangarniya a tafinsa, can ya ce wa Inna, "Hajara, ki ajiye mini tiya guda." Bayansa mutum shida suka yi sallama. Inna ta ba su da sharaɗin kowa ya shuka rana ɗaya da mu, tsuntsu ya rarrabu.

Yanzu ina koyarwa a Gaya, Inna ta riga mu gidan gaskiya, gwangwani kuma ya ba leda mai ƙyalli wuri. Amma duk damina idan na je Toranke, nakan tarar da yara suna cin tumu tun gonakin wasu garuruwa ba su nuna ba, suna cewa geron garinsu ne tun kaka da kakanni. Ba na gyara musu. Ni ma da aka kawo tare da shi, 'yar garin ce.