Kududdufin Kademi Ba Teku Ba Ne

Muna idar da sallar asuba muka fita neman mota, ni da 'yata, ko koko ba mu tsaya sha ba. Bari in faɗa muku abin da ya fito da tsohuwa irina da wannan sassafe.

'Yata sana'arta haɗa man shafawa. Man kaɗanya ne tushensa, sai ta ɗiga masa wani ruwa mai launin shayi da ake tatsowa daga ciyawar teku. Daga Legas ake kawo mata shi a kwalba, a tace, a rufe. Ta ce yana taimaka wa fata ta riƙe danshi. Ni ban taɓa ganin teku ba. Aikina a ciki shi ne rubuta yadda ake shafawa da ajami a jikin roba, don shi matan ƙauye suka fi karantawa. Cikin waɗanda ta koya wa haɗin akwai Lami, 'yar ƙanena, da ke aure a Kademi.

Kwana ɗaya kafin wannan fitar tamu, Lami ta turo saƙon murya tana dariya. Kwalbarta ta ƙare, amma wai Allah ya hutar da ita. Ta ga hoton ciyawar a waya, koriya ce cikin ruwa, ga irinta nan fal a kududdufin bayan gidansu. Ta kwaso, ta shanya, ta daka, ta jiƙa, ta haɗa mai. Har ta kai roba guda Toranke, wajen ƙanwar mijinta da ta haihu, domin in wanzami ya aske jariri ranar suna a shafa masa a ka. Sunan kuwa washegarin tafiyarmu ne. Muka yi ta kiran wayarta, a kashe. Lambar kowa a Toranke ba mu da ita. 'Yata ta ce ko man nata na gaskiya ba ta yarda a shafa wa jariri ba, balle ruwan da shanu ke shiga, a kan da aska ta bi. Na ce to, ƙafa ce ta rage mana.

A tasha kuɗin mota ya sake hawa, direba ya ɗora laifin kan mai, muka biya muka zauna jiran cika. Ni dai na yi ta jan carbi. Da muka hau gadar Wudil kogi ya cika ya batse, masu kifi sun jera a gefen titi. Daga nan har Gaya gero ne da dawa hagu da dama, sun fi mutum tsayi, damina ta yi albarka. Ramukan hanya ma sun sha ruwa, direba yana kauce wa wani yana faɗawa wani, wata mata a bayana tana salati da kowace faɗawa.

A Gaya muka karya da waina da miyar taushe wajen wata dattijuwa a bakin kasuwa. Wainar ta ƙanƙance amma daɗinta na nan. Motar Kademi ta ƙi cika, sai muka ɗauki babur. Rabona da babur tun gwiwata na da lafiya. Na ce wa mai babur ya tuna uwarsa ya ɗauko, ya ce ai uwarsa ta fi son gudu. Inda laka ta yi yawa muka sauka muka taka, takalmi a hannu.

Mun iske Lami tana surfe. Ta jefar da taɓarya ta rungume ni, ta ɗauka suna muka zo. Na ga bakin 'yata ya fara motsi, sai na taka mata ƙafa. Sai da aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi na gida, sannan na ce a kawo mini man in gani. Lami ta kawo da murna. Da aka buɗe roba, saman man ya yi furfura, ƙasansa ya tsinke, warinsa kuwa na ruɓaɓɓen ganye.

"Gwaggo, ranar da na haɗa ba haka yake ba," in ji Lami. "Kuma wallahi ciyawar iri ɗaya ce da ta hoto."

'Yata ta yi mata bayani a hankali. Waccan a ruwan gishiri take fitowa, ana wanke ta, a tace, a gwada, a sa mata abin da zai hana ta lalacewa kafin ta shiga kwalba. Wannan kuwa gansakuka ce, kuma duk abin da ke cikin kududdufi ya biyo ta. Sai Lami ta ɗauki mayafi ta shiga maƙwabta, ta karɓo robobin da ta rarraba. Wata ta biyo ta tana nuna mana wuyanta da ya feso da ƙuraje, muka ce ta je asibiti kada ta ƙara shafa komai.

Saura ta Toranke, kuma ita ce mai wuya. Kyauta ce aka kai gidan surukai, ga 'yan barka cike da gida. Muka kama hanya tare da Lami, na ce ko mu musanya robar da tamu a ɓoye. 'Yata ta ce tamu ma ba ta jariri ba ce. Na gane shawarata ba ta da kyau, na yi istigfari.

Hanyar Ajingi, wadda za ta kai mu Toranke, ta fi ta baya yashi. Mun wuce garken shanu da ya tare hanya, makiyayin bai ga dalilin sauri ba. Hadari ya haɗo ta gabas, na roƙi Allah ya riƙe shi har mu isa. Mun shiga Toranke bayan la'asar, yayyafi na bin mu.

Gidan ya cika da mata, ana gyaran shinkafar gobe, ga rago a ɗaure. Muka yi barka, na ɗauki yaro na yi masa addu'a. Robar tana kan kwalla a ɗakin kakarsa, surukar Lami, an lulluɓe ta da tsumma mai tsabta. Na keɓe da tsohuwar na ce mun zo karɓar man ne, bai dace da jariri ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malama, kun ji tsadarsa ne kuka biyo sawu? Na riga na faɗa wa kowa jikana da man teku za a shafe shi."

Na ce ba haka ba ne, ta ce to mene ne. 'Yata ta fara zancen fata da ƙwayoyin cuta, tsohuwa ta ɗora hannu kan robar ta ce ita ta raini yara kafin a haifi mai bayanin. Matan tsakar gida suka fara leƙowa. Nan Lami ta durƙusa a bakin ƙofa, inda kowa ke jinta.

"Inna, babu teku a ciki. Daga kududdufin bayan gidanmu na kwaso."

"Wanne? Wanda jakin Malam ya mutu a ciki bara?"

"Shi, Inna."

Tsohuwa ta janye hannunta ta goge a zane. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, wasu suka bi. Lami ba ta ɗaga kai ba, hawaye na ɗiga. Surukar ta juya ta ce wa masu dariya duk wadda ta taɓa zuwa da ƙafarta ta tona kanta ta ci gaba da dariyar. Ta miƙo mini robar da yatsu biyu, ta ce gobe ko ruwan ɗumi ya ishi kan jikanta.

Suka so mu kwana, na ce ɗalibaina na jira da safe. Aka cika mana leda da dafaffiyar gyaɗa da ƙullin fura. Lami ta zauna don aikin suna, bayan ta roƙi 'yata ta sake koya mata haɗin daga farko, ta kuma ce ba za ta ƙara sa abin da ba ta san asalinsa ba.

Mun iso gida an idar da isha, gwiwata ta kumbura, zanena duk laka. Abin da na koyo shi ne, in ka ba mutum sana'a, ka ba shi har da dalilin kowane abu da ke cikinta, don mu ma mun nuna wa Lami yadda ake ɗigawa, ba mu faɗa mata me ake ɗigawa ba. Washegari da hantsi wayar Lami ta samu caji, ta kira. An yi aski lafiya, an raɗa wa yaro suna, kansa tas babu ko ƙurji. Na yi hamdala, na sa aka ɗora mini ruwan gashin gwiwa.