Wainar Inna Turai da Awa Ɗaya

Shekara talatin Inna Turai tana suyar waina a garin Sara, kuma ba ta taɓa zuba ƙullu a tanda ba sai ta lasa ta ji tsaminsa, sannan ta san yawan kanwar da za ta sa. Wainar farko kuwa tata ce, da man shanu.

Da aka gano tana da ciwon dajin jini a asibiti a Birnin Kudu, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta sha cikinta babu komai. Inna ta ce to, ta dawo gida ta yi ta dariyar likita. Wa ya taɓa shan magani da yunwa? Ta riƙa kora ƙwayar da waina uku, don tausayin cikinta. Sati biyu sai jiri da bugun zuciya.

Da ta koma asibiti, likita ta zaunar da ita ta ce wannan ƙwaya in ta haɗu da abinci, musamman mai maiƙo, jiki yakan zuƙe ta fiye da kima, har ta taɓa zuciya. Awa biyu kafin sha, awa ɗaya bayan sha, sai dai ruwa.

"Har lasar ƙullu?" in ji Inna.

"Har ita, Inna."

Ta tsorata, amma ta ƙi ajiye tanda. Ta naɗa mijinta, Malam Safiyanu, sarkin ɗanɗano, mutumin da ko dusa aka dafa masa zai ce ta yi daɗi. Kullum ƙarfe shida ta haɗiye ƙwaya, shi ya lasa ya gyaɗa kai, kafin bakwai waina ta ƙare. Malam ya yi kumatu, jirin Inna ya tafi, gwajin jini ya yi kyau. Inna har rawa take takawa a bakin murhu, tana cewa hannunta ya wuce a gwada shi.

Ran nan aka yi ruwa, waina ɗaya ta rage. Bakwai na cika ta gatsa, ta tofar. Kanwa zalla.

Ta tsare maƙwabciyarta Barira, wadda ke saye kullum. Barira ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wata uku ke nan haka muke ci, Inna. Mun san in muka faɗa, sai kin lasa."

Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hawaye suka riga ta.