Zaituna Mai Dege Ta Koma Ƙofar Gida

A Zangon Lome aka haifi Zaituna. Kakanta ne ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin goro, ya zauna bai koma ba. Mahaifinta mahauci ne, mahaifiyarta kuwa dege take damawa, wato kindirmo mai kauri da ake zuba wa dafaffen gero da sukari.

Da mijinta Ilyas ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Soumaya, sai Zaituna ta ɗauki sana'ar uwarta. Da ƙwarya ɗaya ta fara a ƙofar gida. Ba ta ƙara wa nononta ruwa, shi ya sa degenta ya yi suna. Masu zemijan, wato 'yan acaɓar Lome, su suka baza labarinta a gari. In sun sha sai su gaya wa fasinja, har aka fara aikowa daga unguwar Bè-Kpota.

Da kasuwa ta buɗe sai ta kama shago a bakin titi, ta sayi firiza biyu, ta fara zuba dege a 'yan robobi masu murfi. Ta ɗauki mata aiki. Akwai Batul wadda mijinta ke kwance ba lafiya, akwai Ramla, da wasu na unguwa. Wani Bafulatani yana kawo mata madara daga arewa, mai gero na kasuwa kuma ya daina jiran ciniki, buhunsa na Zaituna ne. Soumaya, wadda ke karatun kasuwanci, ta sa aka rubuta allo da Faransanci aka kafa saman ƙofa. Zaituna takan ce a shekarun nan ne kawai ta taɓa yin barci ba tare da tunanin gobe ba.

Bayan kafa allon ne baƙi daga hukuma suka fara zuwa. Wani ya zo kan allon kansa, wani kan robobi, wani kan firiza. Zaituna ba ta ƙi a duba tsabta ba, ita ma abin da take sayarwa shi take ba 'yarta. Abin da ya gajiyar da ita shi ne kowa ya zo sai ya tura ta wani ofis. Ta je a ce mai sa hannu ya yi tafiya, ta koma a ce ba nan ba ne. Ranar da ta wuni a kan benci tana jira, ranar ba a dama dege.

A tsakiyar zafi wasu ma'aikata suka zo suka garƙame shagon da kwaɗo.

"Ɗana, ka bari in kwashe nonon tukuna," in ji ta.

"Madam, ba ni na yanke ba. Haka aka ce in yi," in ji babbansu, yana kallon gefe.

"To wa zan gani?"

"Ki je ofis."

Kafin a buɗe mata, wuta ta ɗauke ta dawo ba sau ɗaya ba, nonon duk ya lalace. Ita da Batul suka kinkimi robobin suka juye a kwata, ƙudaje na binsu.

Soumaya ta ce, "Mama, mu yi komai a kan ƙa'ida, sai su bar mu." Suka bi, ya ci musu kusan shekara. Da suka gama, sai ga sababbin fuskoki, don yanzu an san sunan shagon da inda yake.

Maƙwabcinta Audu tela ne ya kira ta gefe wata rana. Ya ɗaga labulen bayan shagonsa, ta ga kekunan ɗinki a jere an lulluɓe su da zane.

"Yaya Zaituna, ina da aikin da zai ishi samari da yawa," in ji shi. "Amma keke biyu nake barin a gani. Na gaji da amsa tambaya."

Ta daɗe tana juya maganar. Da damina ta faɗi, ta sa aka sauke allon, ta sayar da firiza ɗaya, ta mayar da mabuɗin shago ga mai shi. Sallamar matan ce ta fi yi mata nauyi. Batul ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, ko wanke robobi ne ki bar ni." Zaituna ta ce babu sauran robobi.

Batul ta tafi Kwatano aikatau. Ramla tana sayar da ruwan leda a mahaɗar titi. Bafulatanin ya ɗan ci gaba da zuwa, daga baya ya ga jarka ɗaya ba ta kai wahalar hanya ba, ya daina. Soumaya ta gama karatu ta sami aiki a wani babban kanti a unguwar Nyékonakpoè. Cikin aikinta har da jera kindirmon da ake saukewa daga jirgin ruwa. Ba ta cika ba uwarta labarin wurin ba.

Yanzu Zaituna ta manyanta, gwiwa na damunta. Da hantsi takan fito da kula ɗaya ta zauna a kan tabarma, in ya ƙare ta shiga ciki.

Kwanan baya wani mutum ya zo da mota, ya ce yana da otal a bakin teku, an ba shi degenta ya sha, yana so ta riƙa kawo masa kullum da yawa. Ya ce zai taimaka mata ta faɗaɗa.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta zuba masa kofi ɗaya.

"Ka sha wannan, Alhaji. Abin da kake nema ba zan iya ba."

"Ki dai yi tunani, Hajiya."

"Na yi," in ji ta. Ta dafa bango ta miƙe a hankali, don an fara kiran azahar.