Kalmomi Uku a Barandar Farfesa

Ina shekara ta huɗu da fara digiri na uku lokacin da na soma lura da abin. Bincikena a kan gigin tsufa ne, wato yadda ƙwaƙwalwar wasu tsofaffi ke raguwa har mutum ya manta hanyar gidansa ko sunan ɗan da ya haifa. Ina haya a Samaru, amma yawancin tsofaffin da nake hira da su a Sabon Gari suke. Kullum da safe sai in hau bas da jakar takardu, in bi layi-layi ina sallama a ƙofar gidaje.

Gwajin ba shi da wuya a ido. Zan faɗa wa tsoho kalmomi uku, in ce ya riƙe min. Sai in tambaye shi yau wace rana ce, wane wata muke ciki, mu ɗan taɓa hira, sannan in ce, "Baba, ina kalmomin nan?" Wasu su kawo su tsaf suna dariya. Wasu kuwa su dubi 'yarsu ko surukarsu, ita kuma ta ce da ni, "Ai tsufa ne kawai, Malama."

Farfesan da ke duba aikina shi ya tsara gwajin nan da Hausa tun ina sakandare. Mutumin kudancin Kaduna ne, dogo, ba ya son wasa da aiki. Ya riga ya yi ritaya, sashenmu ne ya roƙe shi ya ƙarasa da ɗalibansa uku, ni ce ta ƙarshe.

Wata rana ya kira ni ofis yana faɗa, wai me ya hana ni kawo babi na uku. Babin kuwa na kan teburinsa tun mako biyu, har da gyaran jan bironsa a shafin farko. Na nuna masa. Ya yi tsaki, ya ce aiki ne ya yi masa yawa, ni ma na yarda don ina son in yarda. Da zan fita sai ya ce, "Yaya jikin mahaifinki?" Na tsaya riƙe da ƙofa. Shi da kansa ya je mana ta'aziyyar rasuwar mahaifin nawa bara, har ya zauna a tabarma da kawunnaina.

Daga ranar zama ya gagare ni. In buɗe kwamfuta, in rubuta layi biyu, in rufe. In tafi laburare, kafin kujera ta yi ɗumi na taso. Sau biyu ina hawa bas zuwa Sabon Gari ba tare da na yi alkawari da kowa ba, in zagaya kasuwa, in dawo hannu wofi. Idan na shiga ofishinsa kuma sai in tsinci kaina ina ƙirga masa kuskure kamar yadda nake yi wa tsofaffina, abin ya riƙa ba ni kunya. Ta yaya ɗaliba za ta dubi malaminta ta ce masa ya je a duba kansa? Kuma in faɗi gaskiya, ba tausayinsa kaɗai ke damuna ba. Na san in aka sauya min mai duba aiki, shekara huɗun nan tana iya komawa shida. Sai na ja bakina har wajen wata biyu.

Matarsa ce ta kira ni. Tsohuwar malamar firamare ce, dukanmu Mama muke ce mata. Ta ce in zo gidansu a Dogarawa ranar Asabar, in taho da takardun aikina.

Na same ta a kicin tana gyaran wake. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke ma kin gani, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Ran Lahadi daga coci ya ɗauki hanyar Samaru, wai gida za mu. Gidan da muka bari shekara goma. Da na yi magana sai ya tsayar da mota. Shi ya ce a kira ki."

Farfesa yana baranda da farar singileti da gilashinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna min kujera.

"Fito da takardar," ya ce. "Amma kada ki ba ni kalmomin da ke ciki, ni na zaɓe su, ba zan manta su ba. Kawo wasu."

"Ranka ya daɗe, ko dai a bari likita..."

"Likita zai zo daga baya. Yi aikinki."

Na ce jirgi, gishiri, akuya. Ya maimaita su da ƙarfi. Ranar ya faɗa daidai. Watan sai da ya yi jim, ya faɗi wanda ya wuce, ya gyara da kansa. Na ja hirar fiye da ƙa'ida don ba na son mu iso wurin. Shi ne ma ya dubi agogo ya ce lokaci ya yi.

"Gishiri," ya ce nan take. Ya cire gilashi ya goge da bakin singileti. "Akwai wata dabba."

Mama na tsaye a bakin ƙofa, leɓenta na motsi. Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Kada ki taya ni."

Muka jira. Dabbar ba ta zo ba. Na ɗora biro zan rubuta biyu, ina ce wa kaina ai ya kusa. Ya leƙo takardar.

"Ɗaya na kawo. Rubuta abin da kika ji."

Na rubuta ɗaya.

A makon da ya biyo Mama ta kai shi asibiti a Shika, likitoci suka tabbatar da abin da muke tsoro. Shi da hannunsa ya rubuta wa shugaban sashe takarda, ya miƙa ni ga wata malama. Ita kuma ta ce sai na sake babi biyu daga tushe. Wata takwas suka ƙaru. Na yi fushi sosai, na rasa wanda zan yi fushin da shi, sai in huce a kan 'yan bas da masu buga takardu.

Ranar da na kare aikin Mama ta kawo shi, sanye da kwat, suka zauna a baya. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Da aka tashi na je na durƙusa gabansa. Ya dube ni da fara'a ya ce, "Aikin nan ya yi kyau ƙwarai. Ɗalibar wa ce ke?"

"Taka ce, ranka ya daɗe."

"To, madalla," ya ce. "Amma jadawalin alƙaluman nan na babi na huɗu, ki sake duba jimlarsa."

Da na koma ɗaki na duba. Akwai kuskure a layi na biyu.