Maman Terver Ba Ta Waiwaye

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan kayan miya a kasuwar Lafiya ya san Maman Terver. Ko bai san sunanta ba, ya san halinta: in ka kira ta ta baya, yi ta kira har muryarka ta dishe, ba za ta juyo ba. Sunanta Mwuese, Tibi ce daga wani ƙauye can bayan Obi. Ni kuwa Rekiya ce mai manja, teburina manne yake da nata tun ina goyon 'yata ta fari Rahmat, ga shi yanzu 'yar tawa ma goyo take. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Agushi take sayarwa, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da barkono. Gishiri ne kawai ba za ka taɓa gani a teburinta ba. Mai kayan miya babu gishiri, jama'a! In kwastoma ya tambaya, sai ta nuna masa teburin gaba da baki. Na taɓa cin tuwo a gidanta, miyar lami, da ƙyar na haɗiye don kunya. In kuma akwai abin da take son gani a bayanta, sai ta tashi ta yi wani dogon zagaye har abin ya dawo gabanta. Na sha tsokanarta, in ce, "Maman Terver, wuyan nan naki ya ƙage ne, mu nemo mai tausa?" Sai ta yi dariya ta ci gaba da ƙulla agushi a leda.

Wata rana ruwa ya tsare mu a rumfa da la'asar, kasuwa ta watse, daga ni sai ita. Ban tambaye ta ba, ita ce ta fara. Hausarta irin ta Lafiya ce, ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace.

"Maman Rahmat," ta ce da ni, "kin san mama na bai mutu a hannuna ba?"

Shekara ashirin da wani abu ke nan, in ji ta, masu bindiga suka shigo ƙauyensu da safe, ana shirin tafiya gona. Kowa ya zuba a guje ya nufi rafi. Ɗanta Terver yana bayanta, jariri. Mahaifiyarta na biye da ita tana ɗingishi, don dama ƙafarta ɗaya ba ta da lafiya. Wani dattijo mai koya musu karatu a coci yana gudu yana ihu, yana cewa kada wanda ya waiwaya, wanda ya waiwaya zai zama irin matar nan ta cikin Littafi. Tun suna yara yake ba su labarin: Lutu ya fita da iyalinsa daga garin da wuta za ta ci, aka ce kada su dubi baya, matarsa ta duba, ta sandare a wurin ta zama gishiri. Na ce mata ai mu ma muna da Annabi Luɗu, kuma matarsa ba ta tsira ba, amma batun gishirin ban taɓa jin sa ba.

"Mama na ya tsaya," in ji ta. "Ya kira ni, Mwuese, Mwuese. Ni ban juya ba. Yana kira, yana kira, sai ya yi shiru lokaci ɗaya kamar an rufe tukunya."

Da ƙura ta lafa maza suka koma binne gawawwaki, ba a ga ta tsohuwar ba. Maman Terver ba ta yi mamaki ba. A wurinta tsohuwar ta waiwaya ne ta dubi gidanta, kuma tana nan tsaye a inda ta waiwaya, ta zama gishiri. Da ita ma ta juya, da ita da jaririn sun sandare tare. Wannan ne ya riƙe ta duk shekarun nan, da shi take kwana da shi take tashi. "To yaya zan auna mama na a gwangwani in sayar?" ta ce. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Terver bai san wannan ba. An dai gaya masa kakarsa ta rasu a rikici. Yaro ne mai hankali, ba zan ci amanarsa ba, ya yi jami'a ya karanta tarihi, kuma ba ya fashin coci. Abin da ya ja maganar shi ne wani ɗan okada da ya kusa kwashe uwar tasa ta baya. Yana ta hon, ita kuwa ko gezau. Terver ya zo rumfa ransa a ɓace, ya zauna a kan bencinmu.

"Mama, tsoron nan zai kashe ki," ya ce. "Na san matar Lutu ce a ranki, tun ina ƙarami kike ambatonta. Ba duk abin da ke cikin Littafi ne aka rubuta kamar labaran rediyo ba. Wani tarihi ne, wani waƙa ne, wani misali ne don a koya wa mutane. Masana da yawa sun ce mutanen can suna zaune kusa da wani tekun gishiri, suna ganin duwatsu masu siffar mutum, shi ne labarin ya fito. Wasu kuma sun ce ya faru. Ana ta gardama har yau."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ɗan banzan ya janye ƙafar ya ce, "Yi haƙuri, Mama Rekiya," wai shi ya zaci shi ne ya taka ni.

Maman Terver ta ajiye ledar hannunta. "Bar masana. Kai nake tambaya. Ya faru ko bai faru ba?"

Ya dube ta da tausayi, yana ganin alheri zai yi mata. "Bai faru ba, Mama. Ba wanda ke zama gishiri. Ki saki ranki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya kai ta ƙauyen. Ni ma na ce ƙafata ƙafarsu, don na ga idonta ban yarda da shi ba.

Mun shiga mota zuwa Obi, daga nan muka hau okada. Rana tsaka muka isa, 'yan okadan suka ce za su jira mu a bakin hanya, ba za su shiga ba. Kufai ne. Ciyawa ta cinye gidajen, sai fasassun tukwane da bishiyoyin mangwaro, 'ya'yan sun zube suna ruɓewa ba mai tsinta. Ga rana fau, amma ko kukan tsuntsu babu, sawunmu kawai nake ji. Maman Terver na gaba, ba ta yi shakkar hanya ko sau ɗaya ba, har muka gangara wajen rafi. A nan ta tsaya cak.

Suri ne a gefen hanya, tsayinsa kamar na gajeriyar mace. Ya ɗan karkata gefe ɗaya, irin tsayuwar mai ciwon ƙafa. Samansa ya lanƙwasa ya dubi kufan. Jikinsa kuma duk wani fari-fari ya fito masa. Innalillahi! Terver ya ce a hankali, gara ce ta gina, kuma ƙasar yankin dama tana da gishiri, ai Keana ba nisa, inda mata ke dafa shi. Amma shi ma muryarsa ba daidai take ba.

Ta matsa, ta yi magana da Tibi ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwa, ta ɓalli ɗan kaɗan daga jikin surin ta sa a harshe. Ta daɗe tana juya shi a baki.

"Ƙasa ne," ta ce. "Ƙasa kawai."

Sai ta wuce surin ta nufi rafi, ta inda ta bi a wancan karon. Ta yi 'yan taku ta tsaya, bayanta na gare mu. Na ga kafaɗunta suna rawa. Na gane abin da za ta yi, na runtse ido, ni da ba addinina ba. Da na buɗe, ta waiwayo. Tana tsaye, mutum, nama da jini, tana duban hannayenta tana mintsinin fatar.

"Ban zama ba," ta ce. "Maman Rahmat, ban zama ba. Ashe ana juyawa. Nan da nan ne fa. Da na miƙa hannu kawai."

Ta juya ga ɗanta ta gaya masa komai da yarensu. Ba na jin Tibi, amma na ga fuskar yaron tana canzawa. Ya durƙusa ya kama ƙafarta. "Mama, ƙarya na yi. Ya faru. Tarihi ne, na rantse, ya faru."

Ta shafa kansa. "Ka yi karatu, Terver. Na farkon ne gaskiya."

Ni kuma, ban san abin da ya kai ni ba, na ɓalli surin nan na lasa. Allah shi ne shaidata, gishiri na ji, mai kaifi, har ya tsaya mini a maƙogwaro. Na ce, "Maman Terver, da gishiri! Zo ki sake ɗanɗanawa!" Ta girgiza kai ta ce tausayinta nake ji. Na miƙa wa Terver gutsuren, ya dube shi, ya ƙi karɓa. Har yau ban san ko bakina ne ya yi mini ƙarya ko nata ba.

Tana nan a kasuwa, teburinta manne da nawa. Ta rame, wuyan nan da nake tsokana ya zama siriri. Terver ya kawo mata limaman coci, wani ya ce tarihi ne, wani ya ce darasin ne abin dubawa, ta saurare su duka ta ba su ruwa. Yanzu ba a kiranta sau biyu. Ko ba a kira ba ma tana waiwayawa, tana tsakiyar auna agushi sai ta juya da sauri ta dubi bayan rumfa, inda babu komai sai bango da tulin buhuna. Jiya ina zuba wa wata manja na ji ta ce, "Na'am." Na ce wa ya kira ki? Ta ce, "Ba ki ji ba?" Ta ajiye gwangwanin, ta miƙa hannu wajen bangon, ta bar shi a miƙe.