Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa Ba

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar mahaifina, amma sai bara na samu takardar da ta shaida cewa ya mutu. Na san wani zai ce wannan ba abin kawowa jarida ba ne, tun da mu mutanen Kurfey ba mu saba neman izinin hukuma kafin mu mutu ba. Gaskiya ne. Ni ma da ba a kai ni bango ba, da ko a mafarki ban nemi takardar nan ba. Sai dai nemanta ya tono mini wani zargi da na daɗe ina dannewa, kuma har yau bai kwanta ba.

A ƙarshen zamanin Nasara ya rasu, ina ɗan shekara bakwai. Ya dawo daga kasuwar Baleyara cikin bazara da ciwon kai, wuya ya sanƙare, bai yi mako ba aka kai shi makwancinsa. Abin da na riƙe nasa kaɗan ne. Dogo ne, mai yawan dariya, tafin hannunsa duk kanta saboda igiyar guga. Shi ya haƙa rijiyar da ke cikin gonar gidanmu, kusa da wani tsohon gawo, kuma har gobe da sunansa mutanen ƙauyenmu suke kiranta. Inna, mahaifiyata, takan ce ba ta taɓa ganin mutum mai saurin yarda irinsa ba. Baƙon da bai sani ba zai ari jakinsa, ya ba shi, har ya ƙara masa da guzuri.

Ƙanensa ne ya riƙe ni, Baba Gado, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba zan ce ya bar mu da yunwa ba, don kowace kaka yakan aiko wa Inna da geronta. Amma da aka ce kowane gida ya ba da yaro a kai lakwal, a lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu a cikin rumbu don gudun makarantar Nasara, ni ya miƙa, ya bar ɗansa Sumana a gona. Lakwal ɗin nan ita ta mai da ni malamin makaranta, na ci abinci da ita har na yi ritaya. Duk da haka ban taɓa sanin ko godiya ya kamata in yi masa ko tuhuma ba. Na dai lura tun ina yaro cewa in ana maganar gonar, ba ya taɓa haɗa ta da yayansa. Kullum "gonata" yake cewa, kuma yakan faɗa yana kallona.

Bayan Baba Gado ya rasu, sai na ji labari a Yamai cewa Sumana zai sayar da gonar ga wani attajiri mai son yin garka, wato lambu, har da rijiyar. Na hau mota na tafi. Na same shi a gindin gawon, muka gaisa, na ce ina rabon mahaifina? Ko gezau bai yi ba.

"Wane rabo? Babanka ai ba ɗan gidan ga na ba, ɗan riƙo na daga Imanan. In kana gardama, tahi Filingue ka biɗo takarda."

Ba ƙaryar ce ta dame ni ba, don duk ƙauyen an san ƙarya ce. Natsuwarsa ce ta dame ni. Sumana ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, bai taɓa taka ofishi ba sai in an kira shi. To wa ya gaya masa akwai takarda, kuma wa ya gaya masa abin da ke cikinta?

Ga matasan yau, bari in yi ɗan bayani. A wancan zamani ba wanda yake tashi daga ƙauye ya je bariki don ya ce wane ya mutu. Ana jira ne sai masu ƙidaya sun zo rangadi, a kafa musu rumfa a ƙofar maigari, malamin rubutu yana zaune, tafinta yana tsaye. Kowane maigida ya zo ya faɗi wanda aka haifa da wanda ya rasu, don a cire mamaci daga haraji. Abin da aka rubuta a ranar shi ke nan, ba mai sake dubawa. Waɗannan tsoffin littattafai na je nema a Filingue. Aka nuna mini ɗakin da ake ajiye su, na yi kwanaki ina buɗe shafuka masu ƙamshin tsufa, ina atishawa. Na shekarun baya, har da na haihuwar mahaifina, ba su kawo zamaninmu ba. Amma na shekarar da ya rasu yana nan, kuma na sami gidanmu a ciki.

Mamaci ɗaya aka rubuta. Sunansa Bawa, ɗan wani gida a Imanan, mazauni a gidanmu. Wadda ta kawo labarin mutuwar kuwa, wata tsohuwa mai suna Tamo.

Tamo kakata ce, uwar mahaifina. Ina ganin sunanta na gane komai. Bawa ba sunan mahaifina ba ne, laƙabi ne da ba mai kiransa da shi a duniya sai ita. Shi ne ɗanta na fari, kuma irin kunyar ɗan fari ta mutanen da, Kaka ta kai ta maƙura. Ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta ci abinci a gabansa ba. Ana yaye shi ta miƙa wa yayarta da ke aure a Imanan, can ya girma, sai da kakanmu ya rasu ya dawo ya riƙe gida. In baƙuwa ta tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce ɗan yayarta ne. Sunan mijinta ma, ko bayan ya mutu, bai taɓa fita daga bakinta ba. To ku duba mini wannan tsohuwa a gaban rumfa cike da maza, tafinta yana tambayarta sunan mamaci, da sunan ubansa, da ko ita ta haife shi. Duk cikin tambayoyin nan ba wadda bakinta zai iya ɗauka. Ta ba da amsar da ta saba bayarwa, malami ya rubuta abin da ya ji. A wurinta ba ƙarya ta yi ba, mutunci ta kiyaye. Inna ta ce a bayan rumbu takan je ta yi kukansa, inda ba mai ganinta.

Ban ga laifin Kaka ba, ban ga na malamin ba. Tambayata ɗaya ce: me ya kai ta can? Mata ba sa tsayawa gaban masu ƙidaya in akwai namiji a gida, kuma ranar akwai. Na koma na tambayi Inna ina Baba Gado yake.

"Cewa yay yi masassara ta kada shi, shi as sa tsohuwa tat tahi. Ni ina cikin takaba, ban hita ba. Amma da marece na hango shi shina ba jaki ruwa."

Na juya wannan magana a raina har na gaji. Zazzaɓi yakan sauka da yamma, kowa ya sani. Kuma da wuya a ce manomin da bai yi karatu ba ya shirya abin da sai bayan shekara hamsin zai yi amfani. Haka nake gaya wa kaina in ina son barci. Amma sai in tuna Baba Gado ya taɓa yin aikin dako a bariki da ƙuruciyarsa, ya ga yadda rubutun Nasara yake daɗewa fiye da wanda ya yi shi. Sai in tuna ba wanda ya san halin tsohuwar nan kamarsa. In da gangan ya yi, to bai yi ƙarya ko ɗaya da bakinsa ba, kunyar uwarsa kawai ya ara. Wannan ne yake ci mini rai, don ban san abin da ya fi shi muni ba, kuma ba ni da hanyar tabbatarwa.

Na kai maganar gaban alƙali, ya ce ana iya gyara takarda in an kawo shaidun da suka san mamacin. Nan na ga iyakar mutane. Waɗanda suke kiran rijiyar da sunansa safe da yamma, kowa ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Wani tsohon da suka yi haƙar rijiyar tare ne kaɗai ya yarda ya biyo ni. Shaida ta biyu babu, sai Inna, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Na ɗauko ta muka zo Filingue ban gaya mata abin da za a tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ina jin ta sani.

Alƙalin yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana. Ya gaishe ta, ya ce, "Inna, yaya sunan maigidanki marigayi?"

Ta nuna ni da haɓa. "Ga ɗanshi nan, shi hwaɗa maka."

Ya ce ta yi haƙuri, doka ta ce sai daga bakin shaida. Sumana yana zaune a gefe, na ga ya gyara zama, har da ɗan murmushi, murmushin da na sani a fuskar ubansa. Inna ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. Sannan ta faɗa, a hankali, sunansa da na ubansa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan da muryarta ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma murnar ta zo da wani nauyi da ya hana ni ɗaga kai. A mota, da muka kusa gida, ta ce mini, "Ka sa na yi abin da uwarshi ba ta yi ba."

Takardar ta fito, an raba gonar, rijiyar ta faɗo a ɓangarenmu. Ni da Sumana muna gaisawa a wurin jana'iza, iyakarmu ke nan.

Nakan tambayi kaina me mahaifina zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin dariya zai fara yi, a ce mutum ya mutu, an yi masa salla, an binne shi a gaban jama'a, amma sai hatimi ya tabbatar. Bayan haka na tabbata zai yi mini faɗa. Zai ce Gado ƙanensa ne, in ya ce ba shi da lafiya to ba shi da lafiya, in rufe bakina. Ya yarda da baƙon da ya ari jakinsa, balle wanda suka sha nono ɗaya. Ni dai ban gaji wannan hali ba. Na gaji tsawonsa, na gaji rijiyarsa, amma saurin yardar nan tare da shi aka binne ta, kuma wani lokaci ina ganin ita ce babbar asarar da na yi, ba gonar da na kusa rasawa ba.

Abin da ya rage nasa ke nan: ruwa mai sanyi a gindin gawo, da takarda ɗaya a cikin akwatina, da ɗana na fari da na sa wa sunansa, wanda duk gidan muke kira Abba. Na zauna yin wannan rubutu da niyyar in sa sunan a jarida, manya-manya, kowa ya gani, don kada a sake cewa ba a san shi ba. Yanzu na koma farko na karanta, ban ga inda na rubuta shi ba ko sau ɗaya. Na ɗora alƙalami a nan don in gyara, hannuna ya ƙi. In har da gangan Baba Gado ya yi abin da ya yi, to lalle ya san mu sarai.