Hajiya a Ƙarƙashin Teku

Har gobe ban manta da ranar da na zura wa wata Hajiya ido cikin ido ba, kuma ba a mare ni ba. Ku ƙannena da za ku fara sitaj bana, wato koyon aiki, ku zauna ku ji, don abin da ya faru ran nan ba ya cikin darasin da ake ba mu a bakin wurin iyo na Vénissieux, a nan Faransa.

Bara ne, a hutun Oktoba, ina da shekara sha bakwai. Kulob ɗinmu na nutso ya tura ni sitaj a wata ƙaramar cibiya a tsibirin Mayotte, tare da malamarmu Sandrine. Ni da teku mafi girma da na sani shi ne tafkin da ke bayan lakwal, makarantarmu ta boko, in an yi ruwan sama. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: akwai mataki na ɗaya, akwai na biyu, wanda nake kai a lokacin, sai malamai masu koyarwa, sai shugaban nutso, wanda in ya ce yau ba mai shiga ruwa, ko kifi sai ya nemi izini. Aikina shi ne wanke rigunan roba, jera kwalaben iska cikin jirgin ruwa, da yi wa baƙi murmushi har kumatuna su yi tsami.

Akwai abin da Faransawa ke kira baptême, wato nutson farko na wanda bai taɓa yi ba. Malami na riƙe da kai daga farko har ƙarshe, kuma ba a wuce mita shida. Kafin a shiga ana koya maka magana da hannu, tunda ƙarƙashin ruwa baki ya shiga hutu. In ka haɗa babban yatsa da manuniya ka yi zobe, ka ce lafiya lau. In ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi, ka ce akwai matsala. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kunne. Ruwa na danna dodon kunne yayin da kake sauka, dole ka toshe hanci ka hura a hankali. In ya ƙi buɗewa kuma ka ci gaba da sauka, yana iya fashewa.

Da hantsi ran nan ina durƙushe ina ɗauraye takalman agwagwa na iyo, sai na ji daga bayana an ce, "Kai Mahamadu, wannan warin roba fa?" Da Hausa. Hausar Maradi tsantsa, a tsakiyar tekun Indiya. Saura kaɗan in faɗa cikin bokiti.

Na juya na ga wata dattijuwa da mayafi ruwan goro, zobba a yatsu kamar ta kwaso shagon maƙeri. Hajiya Mariyama ke nan, mai sayar da atamfa da kayan ado a Aubervilliers. Ta zo ganin ɗanta Mahamadu da ke aikin jinya a tsibirin, washegari kuma jirginta zai koma Paris.

Na rusuna na ce, "Ina kwana, Hajiya."

Ta dafe ƙirji. "La ilaha! Ɗiyar wa ce ke?"

Kafin a gama gaisuwa ta gano cewa ƙanwar kakata ta taɓa zama maƙwabciyar wata da ta yi wa kitso a Tasawa. Shi ke nan na zama ɗiyarta. Ɗanta ya ce shi rakiya kawai ya yi, ruwan wanka ma da addu'a yake shigarsa. Hajiya ce ta nace. Tun zuwanta take jin ana zancen abin da ke ƙasan ruwan nan, ta ce ba za ta koma ba sai ta gani da idonta.

Faransancin Hajiya na ciniki ne, don haka shugaba ya ce in zama tafinta, in kuma bi su cikin ruwa, da sharaɗin Sandrine ce kaɗai ke riƙe ta. Muka sa mata rigar roba bisa doguwar rigarta ta ciki, da hular roba a madadin kallabi. Sandrine ta ɗaura mata gilashin fuska, ta ce, "Ça va?"

"Lafiya lau," in ji Hajiya, ta yi zobe da yatsu.

Ni kuwa ina ganin igiyar gilashin ta matse ta har goshinta ya yi tudu. Na sassauta. A nan na fara zargi, domin na san mutanenmu. Kakata tana kwance a lopital da robar ruwa a hannu biyu, in ka ce ina kwana sai ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Babba ba ya buɗe baki ya ce ba lafiya, balle ga yarinya, balle ga baƙuwa.

Muka isa wurin nutson a jirgin ruwa, ruwa garau kamar ba ruwa. Muka fara sauka a jikin igiya. Sandrine ta yi zobe, Hajiya ta mayar da zobe. Muka ƙara ƙasa. Zobe, zobe. Hajiya ta iya zoben nan kamar da shi aka haife ta.

Ni ina gefe, kaina a sunkuye, ina kallon ƙafafunta, don haka aka tarbiyyantar da ni. A gidanmu in ka dubi babba cikin ido sai an tambaye ka ko ya ci maka wani abu. Amma ƙafafun sun daina motsi, sun sandare. Na ce a raina, Zuwaira, in za a mare ki a mare ki. Na matsa gabanta na leƙa cikin gilashin. Idon hagu a runtse, na dama ya yi jawur, wuyanta ya karkace gefe ɗaya. Hannun kuwa yana nan da zobensa.

Na taɓa kafaɗar Sandrine, na nuna kunne, na karkaɗa hannu. Ba ta tsaya tambaya ba. Muka hau a hankali.

Hajiya na tofar da abin shaƙa daga baki ta ce, "Wa ya ce a fito da ni? Kuma ke, wa ya koya miki kallon manya haka kamar mujiya?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Kunnenki na ciwo?"

"Lafiyata lau."

Sandrine ta ce in faɗa mata ƙa'ida ƙarara: in ba za ta nuna alamar matsala ba, ba za a sake sauka da ita ba, domin kunnen da ya fashe ba a ɗinke shi a cikin jirgin ruwa, kuma gobe tana da jirgin sama. Na fassara, na dai rage gishirin. Hajiya ta juya kai tana kallon tsibiri. Na ga ranta na so, amma karkaɗa hannun nan a wurinta daidai yake da kai ƙarar Ubangiji wurin Bafaranshiya.

Sai na tuna yadda uwata ke yi in ta je dubiya. Ba ta tsayawa a ina kwana. Na gyara murya na ce, "Inna, ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi."

"Ya kunnen?"

"Da sauƙi. Na hagun ne dai kamar ana soka tsinke."

Na ce, "To Inna, wannan alamar," na karkaɗa hannu, "ba cewa kika yi ba lafiya ba. Da sauƙi kika ce. In na nuna kunnena, ya kunne nake tambaya. Ki ba ni amsar da za ki ba mai dubiya."

Ta dube ni ta gefen ido. "Haka Turawan suka ce?"

"Haka ni na ce."

"To ai da kun faɗa tun farko."

Na yi wa Sandrine bayani. Ta duba Hajiya da kyau, ta sa ta gwada hura hanci a sama sau da yawa har kunnen ya yi ƙas, sannan ta ce za a gwada sau ɗaya tak. Muka koma. Ban taɓa ganin sauka mai tsawo irin wannan ba, ina jin wani kifi ya yi aure ya haihu muna kan igiya. Taku kaɗan, in nuna kunne, Hajiya ta karkaɗa hannu, mu ɗan hau, ta toshe hanci, ta yi zobe, mu ci gaba. Idona cikin nata har ƙasa.

Sai igiya ta ƙare, Sandrine ta juya ta.

Ni na sha ganin wurin a satin nan, amma ran nan kamar an wanke shi. Murjani a shimfiɗe iya ganin ido, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar wani ƙato da ya ajiye ya manta. Hasken rana na saukowa igiya-igiya yana rawa bisa yashi. Ƙananan kifaye shuɗaye sun taso gaba ɗaya kamar an watsa ɗuwatsun wuya, suka juya lokaci guda ba wanda ya ba su umarni. Wani mai baki kamar na aku yana ɓantarar dutse, har ƙarar haƙoransa kana ji, ƙaras, ƙaras. Ban da wannan, ba ka jin komai sai numfashinka.

Sannan kunkurun teku ya zo. Girmansa ya kai tiren da ake zuba shinkafar suna. Ya taso daga ciyawar ƙasa ba gaggawa, ya bi ta gaban Hajiya kusa har tana iya ganin zanen bayansa, ya dube ta da ido ɗaya irin na tsohon da ya riga ka zuwa unguwa, ya wuce sama shan iska.

Hajiya ta daina duk wani motsi. Kumfar numfashinta, da ɗazu ke fita kamar tukunya na tafasa, ta koma fita a jere a natse. Sai na ga babban yatsanta na bin gaɓoɓin sauran yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Sandrine ta waiwayo ni da sauri, don wannan alamar ba ta cikin littafinta. Na yi mata zobe. Tasbihi take yi.

A jirgi, bayan mun lulluɓe ta da tawul, ta ƙura wa ruwa ido ko ƙiftawa ba ta yi. Ɗanta har ya tsorata ya kama hannunta yana duba bugun jini. Can ta ce, "Zuwaira, duwatsun nan masu rassa, mene ne?"

"Murjani ne, Inna. Kuma rai gare shi."

"Murjani." Ta girgiza kai. "Tun ina budurwa nake jera danginsa a zare ina sayarwa. Ashe ban taɓa zuwa gidansu ba. Duk wannan ado, an ajiye shi inda ba mai gani, kuma ba a rage ko launi ɗaya ba."

Da za su tafi ta kama kunnena ta ɗan murɗa. "Ke mara kunya ce. Allah ya yi miki albarka."

Abin da na ɗauko daga ran nan ke nan. A aikin nan kowa na da dalilin ɓoye ciwonsa: wani kunya, wani girman kai, wani ya biya kuɗi ba ya son a ce ya kasa, namu kuwa ladabi. Hannu yana faɗin abin da aka koya masa ne kawai. In baƙo ya yi muku zobe, ku mayar masa, sannan ku matsa kusa ku dubi idonsa, ko da kuwa ya haifi iyayenku.